Yadda ake tallar ƙaramar sana'a ta WhatsApp da Facebook a Damagaram ba tare da an zubar da jari ba

Gab da azumin bara, wani baduku da nake sayen takalma a wurinsa a unguwar Birni ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce: "Malam, dubi nan, mutum sama da dubu biyu sun yaba aikina." Na duba, na ga hoton jan takalmin fata da ɗimbin alamun so a ƙarƙashinsa, sai na tambaye shi ƙafa nawa ya sayar ta dalilin wannan talla. Ya yi shiru, ya ci gaba da goga zare da danƙo. Ashe jaka goma sha biyar, wato faran 15,000 na sefa, ya ba wani yaro don ya biya masa talla a Facebook, yaron kuwa ya sake ta ta bazu ƙasashen da ba a taɓa aika takalmin Damagaram ba, kuma ko lambar waya babu a jikin shafin, balle farashi.

Kuskuren badukun nan shi ne ya fara da abin da ya kamata ya zo daga ƙarshe. Biyan kuɗin talla shi ne matakin baya, bayan an shirya inda mai saye zai sauka, da abin da zai gani, da yadda zai biya, da yadda kayan za su isa hannunsa. A kan wannan tsari zan bi da bayanin, kuma duk inda na ce "ka", har da mata nake nufi, domin a garin nan masu alkaki da turaren wuta da kayan ɗaki da ke sana'a daga cikin gida sun fi mu maza iya wannan harka.

Mataki na farko shi ne ka ware wa sana'ar lambarta. Ka sayi layi dabam, ko na Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, wanda rezonsa ya fi kamawa a inda kake zama, ka yi masa rajista da sunanka, sannan ka sauke WhatsApp Business, manhajar da aka fitar a shekarar 2018 musamman don ƙananan ƴan kasuwa, kuma kyauta ce. Ana iya ajiye ta a waya ɗaya tare da WhatsApp ɗin da ka saba, muddin lambobin biyu ne. Amfanin rabawar shi ne saƙon mai saye ba zai nutse tsakanin gaisuwar dangi da sanarwar suna ba, kuma ranar da ka ɗauki yaron kanti za ka iya haɗa asusun da wata na'ura ba tare da ka ba shi sirrin gidanka ba.

Ka cike bayanan sana'ar sarai: suna, da lokacin buɗewa da rufewa, da kwatancen wuri. Kwatancen ka yi shi yadda muke yi wa ɗan kabu-kabu, wato ka ambaci unguwa da fitaccen abin da ke kusa, kamar ƙofar kasuwar Dole da ta fi kusa da kai, ko masallaci, ko gidan mai. Daga nan ka shirya saƙon maraba da zai fita da kansa idan baƙo ya yi sallama, da saƙon da zai sanar da cewa ba ka kusa, da gajerun amsoshi na tambayoyin da ake yi maka kullum. Akwai kuma kundin kaya, wanda ke ɗaukar har abu 500, kowane da hotonsa da farashinsa. Ba ka bukatar cika shi. Abu goma sha biyar da ke hannunka yau sun fi ɗari da suka ƙare tun watan jiya.

Kafin ka tashi daga wannan mataki, ka shiga saitin asusun ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, ka zaɓi lambobin sirri shida da ba ranar haihuwarka ba. Masu satar asusu suna kira ne da murya mai daɗi, su ce an turo maka wasu lambobi shida bisa kuskure, ko ka ci kyauta, ka karanto musu. Wanda ya karanta ya miƙa makullin shagonsa, kuma kafin ya farga an bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya ana karɓar kuɗi da sunansa.

Mataki na biyu shi ne hoto, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin hoto shi ne hannun da mai saye ke taɓa kaya da shi. Ba tsadar waya ke kawo kyan hoto ba, haske ne. Ranar Damagaram tana da ƙarfi, idan ka ɗauki hoto da tsakar rana a fili za ta cinye launin kaya, jar fata ta koma kamar ruwan goro, shuɗiyar shadda ta yi fari-fari. Ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, a inuwar rumfa ko bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe. Ka goge idon kyamara da gefen riga kafin kowane ɗauka, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Ka shimfiɗa farin ƙyalle ko tsabtatacciyar tabarma, ka kawar da buta da takalman yara daga baya, ka ɗauki abu ɗaya ta fuska uku: gaba ɗayansa, da kusa yadda za a ga ɗinki ko saƙa, da kuma a hannu ko a ƙafa yadda za a gane girmansa. Mai alkaki ta karya guda ɗaya a nuna cikinsa, mai kilishi ya ɗaga fefe ɗaya a ga kaurinsa.

Kada ka ɗauko hoton wani kanti na Dubai ko na Kantin Kwari ka ce naka ne. Garin nan ƙarami ne ta fuskar labari, kuma matar da ta ga leshi mai sheƙi a waya aka kawo mata wani abu dabam, kafin magariba ƙawayenta na unguwa uku sun ji. Bidiyo kuwa ya zama gajere, a tsaye, kuma kayan su bayyana tun daga daƙiƙar farko, domin mai kallo da megarsa yake biya, ba zai jira ka gama gaishe-gaishe ba.

Mataki na uku shi ne magana da farashi. Mutane da yawa suna ɓoye kuɗin kaya, su rubuta a zo ta bayan fage, wato a turo saƙo a keɓe, a ji, wai don kada abokan hamayya su gani. A ganina wannan hasara ce, saboda abokin hamayya zai aiko ƙaninsa ya tambaya, shi kuwa mai saye mai kunya zai wuce abinsa. Ka faɗi farashi, ko da za ka bar ɗan wurin ragi.

Sai dai a nan muna da wata matsala tamu ta kanmu. Da baki muna ƙidaya da dala, a rubuce kuma da faran, kuma dala ɗaya faran biyar ce. Idan ka rubuta 500 kawai, wani zai karanta faran 500, wato dala ɗari, wani kuma zai ɗauka dala ɗari biyar kake nufi, wato faran 2,500, sannan ga mutanen Daura da Maigatari da Kano da za su zaci naira ce. Saboda haka ka rubuta adadin tare da alamar sefa, ka kuma maimaita shi da kalmomi, misali 7,500 F, jaka bakwai da rabi. Haka nan ka haɗa kowane muhimmin bayani da saƙon murya, wanda muke kira vokal, domin da yawa daga masu kuɗin saye ba sa karanta boko, amma kunnensu ba ya kuskuren lissafi. Hausa ta wadatar ga yawancin masu sayenka. Idan kana neman ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi da ɗaliban jami'a, ka ƙara layi ɗaya da Faransanci. Kowace sanarwa ta amsa abu huɗu: mene ne, nawa ne, a ina yake, kuma yaya za a same ka.

Mataki na huɗu shi ne tara lambobi, wanda shi ne ainihin jarin wannan aiki. Abin da ka ɗora a statu, wato wurin da ake ɗora hoto ko bidiyo a WhatsApp don mutanenka su gani, yana gushewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Haka jerin aikawa da saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda yake: yana ɗaukar lamba 256, amma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Ke nan duk wanda ya sayi abu a hannunka, ka roƙe shi cikin ladabi: "Hajiya, ki ajiye lambar nan, in sabon kaya ya zo za ki riga kowa gani." Ka rubuta lambar a allon shago da jikin leda ko kwalin da kake saka kaya, ka ajiye kowane mutum da suna da unguwa da abin da ya saya, ka yi amfani da alamomin launi na manhajar wajen raba wanda ya biya da wanda ake bi bashi da wanda ke jiran kaya.

Ka ɗora abu uku zuwa biyar a statu a rana, ba talatin ba. Na lura an fi buɗe waya da sassafe da kuma bayan isha'i, amma kada ka dogara da lurata, manhajar tana nuna maka adadin waɗanda suka kalli kowane abu, sai ka gwada mako biyu ka ga lokacin naka mutanen. Kada kuma ka tara mutane a zauren WhatsApp ba da izninsu ba, musamman matan aure, domin a zaure kowa yana ganin lambar kowa, kuma wanda aka dame shi yana iya kai ƙarar lambarka har a rufe ta.

Mataki na biyar, biya da isar da kaya, shi ne inda amana ke tsayawa ko ta faɗi. A cikin gari ka samu ɗan kabu-kabu ɗaya ko biyu da ka san gidansu, ku yanke kuɗin kowace unguwa tun kafin aiki ya taso, ka kuma sanar da mai saye ko kuɗin kai kaya yana cikin farashi ko yana kansa. Na nesa kuwa, Maradi da Agadas da Difa da Yamai mai nisan kusan kilomita 900, motocin kamfanonin sufuri irin su Rimbo da STM da Sonef suna ɗaukar saƙo. Ka rubuta suna da lamba a jikin kunshin, ka ɗauki hoton takardar da aka ba ka, ka tura wa mai kaya nan take tare da lokacin da ake sa ran isowar mota.

Kuɗi suna zuwa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Al Izza, ko ta asusun waya na kamfanonin sadarwa. Ƙa'ida ɗaya ce a nan ba ta da sassauci: hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ni kaina an taɓa turo mini hoton da aka gyara adadinsa, daga wani da ya yi ta kirana "yayana" yana cewa mota za ta tashi, kuma saura ƙiris in saki kayan wata innata da nake taimaka wa. Sai ka ga kuɗin a asusunka, ko ka karɓe su a gishe, sannan kaya su bar hannunka. Aikin da ake yi bisa oda, kamar ɗinki ko takalmi ko kayan biki, a karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan aiki, a kuma rubuta ranar cikawa a cikin saƙo yadda kowa zai iya komawa ya duba.

Sai a mataki na shida ne za ka buɗe shafin Facebook na sana'a, wanda ya bambanta da asusunka na kanka, domin shafi ne ake iya yi wa talla ta kuɗi. Ka sa masa suna da hoto iri ɗaya da na WhatsApp ɗinka, ka haɗa su ta saitin shafin, inda za a turo maka lambobin tabbatarwa. Haɗin yana da sauƙi saboda kamfani ɗaya ke da su: Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, sannan ya sauya sunan uwar kamfanin zuwa Meta a 2021. Ka yi mako biyu ko uku kana ɗora kaya kafin ka biya ko dala, don wanda talla ta kawo ya tarar da shago mai kaya. TikTok yana da kyau ga sana'ar da ake jin daɗin kallon yadda ake yin ta, kamar jima da ɗinkin hula da suya, amma ka sa lambarka a jikin bidiyon kansa. Instagram kuwa, in ba manyan kayan mata kake kai wa Yamai ba, yana iya jira.

Yanzu mun iso ga biyan kuɗin talla. Za ka bukaci katin Visa ko Mastercard, kuma na fi ba da shawarar irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a kashe, don kada a ja fiye da abin da ka ware. Galibi da yuro ko dalar Amurka ake lissafin, kuma a nan ka yi hattara da harshe: in an ce maka dala biyu a rana, ba dalarmu ta faran biyar ake nufi ba. Yuro ya fi sauƙin lissafi, tun da darajarsa a tsaye take a kan faran 655.957, ko da yake mai katin zai ɗora nasa kuɗin hidima.

Ka zaɓi abin da ya riga ya ja hankalin mutane a shafinka, ka danna maɓallin haɓakawa da ke ƙarƙashinsa, sannan ka tsaya ka karanta kowane zaɓi, kada ka bar wanda manhajar ta cike maka. A wurin manufa ka zaɓi samun saƙonni ta WhatsApp. Dalili shi ne tsarin yana neman irin mutanen da suka saba yin abin da ka nema. In ka nemi alamun so, zai nemo maka masu danna so a kan komai, kamar yadda ya nemo wa badukun Birni. A wurin yanki ka rubuta Zinder, domin da wannan suna taswirar ta san garin, ka kuma daidaita faɗin da'irar, wadda ke iya kaiwa kilomita 80. Da'irar kilomita 25 ta ɗauki birni da Mirya. Magarya da Matamai da Tanut da Gure sai ka ƙara su da sunayensu, in har kana da hanyar kai musu kaya. Kada ka sa garuruwan Najeriya don kawai ana jin Hausa a can, sai ka warware batun canjin naira da tsallake iyaka. Shekaru da jinsi ka zaɓe su bisa wanda ke biya, ba wanda ke amfani ba: takalman yara iyaye ake nuna wa. Sauran zaɓuɓɓukan sha'awa ka bar su a buɗe, tun da masu amfani da Facebook a yankin nan ba su kai yawan da za a yi ta tace su ba.

Talla a nan gwanjo ce, kana takara da duk wanda ke son a nuna tasa ga mutanen da ka zaɓa, kuma ba yawan kuɗi kaɗai ke ci ba, har da yadda mutane ke amsa ta. Shi ya sa hoto mai kyau yake rage tsada. Ka fara da kaɗan, kamar jaka ɗaya zuwa biyu a rana na kwana biyar, ka bar ta ta yi tafiyarta ba tare da kana sauya ta kowace safiya ba. Ana duba kowace talla kafin a sake ta, yawanci cikin awa 24, kuma ana ƙin tallar taba da makamai da alƙawarin warkar da cuta. Masu maganin gargajiya da man shafawa su kula da lafazinsu, domin maimaita saɓa ƙa'ida yana jawo rufe asusun talla. Kwanakin da talla ke gudana wayarka ta kasance da caji da mega, ka tanadi batirin ajiya saboda ɗaukewar wuta, ka kuma amsa cikin mintuna, domin wanda ya yi sallama ya ji shiru ya tafi shagon gaba.

Idan ka fi son ka biya wani mai barkwanci ko mai yawan mabiya ya ambaci kayanka, ku rubuta sau nawa zai ɗora da ranakun, ka nemi ya nuna maka garuruwan da mabiyansa suke, ka kuma ba shi wata kalma da duk wanda ya zo ta wajensa zai faɗa a yi masa ragi. Hoton mai saye ko muryarsa ba a ɗora su sai da izninsa. In an yi maka ƙorafi a bainar jama'a, ka amsa da layi ɗaya mai sanyi ka ja maganar gefe, kada ka mayar da zagi ko ka wallafa hoton wanda kake bi bashi, domin ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma ɓata suna yana cikinta.

Mataki na ƙarshe littafi ne da alƙalami. Duk wanda ya yi magana ka tambaye shi inda ya gan ka, ka rubuta. Ga misalin lissafin: ka kashe 2,000 F a rana na kwana biyar, jimla 10,000 F, mutum 40 suka turo saƙo, ke nan kowane saƙo ya ci 250 F. Shida suka saya, ribarka a kowane takalmi 3,000 F, jimla 18,000 F, in ka cire kuɗin talla saura 8,000 F, kuma ka ƙaru da lambobi 40 da za su riƙa ganin statunka kyauta in ka ajiye lambobinsu su ma suka ajiye taka. Wannan talla ta biya kanta, ana iya maimaita ta da sabon hoto a kwatanta. Amma mai alkakin da ribarta a kowane kwano 500 F ce, sai ta samu masu saye 20 kafin ta mayar da jaka gomar, don haka ita ta tallata odar biki da ta suna da ta sallah, inda ciniki ɗaya ke da nauyi, ta bar ƙananan ciniki ga statu.

Lokaci ma yana shiga lissafin. Tela da baduku su yi tallarsu tun daga Sha'aban zuwa farkon azumi, su kashe ta da zarar aikin da suka karɓa ya cika kwanakin da suka rage, tun da odar da aka karɓa a goman ƙarshe ita ce ke zama rigimar daren sallah. Badukun Birni haka ya yi da babbar sallah: ya ware jaka takwas, ya tsayar da da'irarsa a kan Zinder da Mirya, ya rubuta farashi da faran da kuma kalmomi, sannan ya kashe tallar a rana ta huɗu saboda fatar da ya jema ta ƙare.